Mutum Uku a Saman Bene

Litinin, 22 ga Afrilu

Na dawo daga aiki ƙafafuna kamar ba nawa ba, sai ga ambulan a ƙarƙashin ƙofa. Rubutun Pani Halfarova ne (Pani wato uwargida, da yaren nan), mai gidan da nake haya, dogon rubutun nan da take taƙama da shi. Lissafin shekara: ruwa, gas, shara, fitilar bene, mai sharar bututun hayaƙi. Duk wata ina ɗora mata kurona, kuɗin ƙasar nan, dubu uku a kan kuɗin haya saboda su, in shekara ta zagayo ta haɗa, in da ciko in cika. Bara ɗari takwas na cika. Bana wai 11,400.

Dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu! Rabin albashina ke nan, ni da nake yini ina feraye dankalin yara ɗari uku a kicin ɗin makaranta. Na karanta a tsaye, na karanta a zaune, bai ragu ba. Shekara goma sha tara ina sama tana ƙasa, gidan daga ni sai ita, ban taɓa makara da haya ko na yini ɗaya ba.

Ba zan biya ba. Ta yi abin da za ta yi.

Talata, 23 ga Afrilu

Na kama shi!

Na baje takardar a teburi da fensir, layi-layi. Kuɗin ɗumama ɗaki da faɗin ɗaki ake raba shi, wannan daidai yake. Sauran kuwa, tun zamanin marigayi mijinta Pan Halfar da kai ake rabawa: mutum nawa a ƙasa, mutum nawa a sama. Ta rubuta ƙasa ɗaya. Sama uku.

Uku! Ni da wa? Mijina Ota ya bi mai gyaran gashin nan ta garin Krnov yau shekara bakwai. 'Yata Sabina tana garin Plzen da mijinta shekara huɗu. Maimakon mu yi rabi da rabi, ta ɗora mini kashi uku ta ɗauki ɗaya. Na lissafa sau biyu: dubu tara cif ta laƙaba mini. Abin da ya kamata in cika 2,400 ne.

Wato ni zan biya kuɗin ruwan wankan Ota, mutumin da ko lokacin da yake nan sai an yi faɗa da shi kafin ya shiga wankan.

Laraba, 24 ga Afrilu

Na sauka da takardar a hannu. Na yi niyyar lallami, Allah ya sani na yi niyya. Ta buɗe ƙofa tsaf da ita, gashi a gyare, da 'yan kunne, mace mai shekara tamanin da ɗaya. Har ta ɗora ruwan kofi.

Na ce, "Pani Halfarova, an samu kuskure a nan."

Ta ce ita? Shekara talatin tana riƙe lissafin kamfanin sukari ko sisi bai taɓa ɓata a hannunta ba. Ta sa tabarau ta duba inda yatsana yake. "Ku uku ne mana, Draha. Ai ina jin takunku a bene."

Na yi dariya, irin dariyar da ba ta daɗi ba. Sai ta ce, "In mijinki yana ganin ya yi yawa, ya sauko da kansa. Ki daina bari yana turo ki."

Nan ne jini ya hau mini ka. Matar da ta tsaya a taga tana kallo ranar da Ota yake loda akwatunansa a mota, yau ita ce za ta yi mini gatse da shi? Na ce mata abubuwa. Na ce tsufa bai hana wasu haɗama ba. Na buga mata ƙofa har farantin da ke rataye a bango ya yi ƙara. Kofin ma ban sha ba.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Na ba Kveta labari muna yanka kabeji. Shekara goma sha biyu muna tukunya ɗaya da ita, bakinta ya fi wuƙar hannunta kaifi.

"Ta ga saniyar tatsa," in ji ta. "Ke ma kin cika sanyi, Draha. Bana uku, baɗi za ta ƙirga har da kyanwar maƙwabta." Wai in je ofishin 'yan haya da ke bayan kasuwa, ranar Litinin kyauta suke ba da shawara. Ta ƙara da cewa in aika wa Ota nasa kason, mai gyaran gashi ta biya masa.

Ni ce mai sanyi? Da ta ji ƙarar ƙofar nan.

Litinin, 29 ga Afrilu

Na je. Layi har bakin bene, kowa da ambulan ɗinsa da ɓacin ransa, watan Afrilu ke nan. Wata mata mai gajeren gashi ta duba takardata, ko minti biyu ba ta yi ba ta ce ni ke da gaskiya. Abu uku ta gaya mini. Ina da kwana talatin daga ranar da na karɓa, wato zuwa 22 ga Mayu, in na wuce na yarda ke nan. Ina da ikon ganin rasit ɗin komai. Ƙorafin kuma a rubuce, wasiƙa mai rajista, zuwa ga masu gida.

Ta duba yarjejeniyar haya ta ce, "Masu gidan biyu ne a nan. Wane ne Lubor Halfar?"

Ɗanta ne, yana Brno. Tun da babansa ya rasu rabin gidan nasa ne, sai dai bai taɓa sa hannu a lissafi ba. Ta ce to shi ma a aika masa kwafi. Na ce da kyau, ya ga abin da uwarsa take yi wa mutane.

Na fito ina jin kaina kamar na ci gasa. Har kek na saya a hanya.

Laraba, 1 ga Mayu

Hutu. Sau uku na rubuta wasiƙar, biyun farko duk zagi ne.

Asabar, 4 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Na sauka neman rasit. Na ɗaure fuska tun daga bene, na shirya faɗa. Ta tarbe ni kamar ba abin da ya faru, ban ga alamar ta tuna da ƙofar da na buga ba. Ta ɗauko gwangwanin biskit ɗin da take tara takardu, da baƙin littafin nan na Pan Halfar da ake rubuta lissafin gida.

Na buɗe littafin. Komai yana nan da hannunta, shekara bayan shekara. Shekarar da Ota ya tafi ta mayar da mu biyu. Shekarar auren Sabina ta mayar da ni ɗaya, har ta ja layi a ƙasa. Bara ɗaya. Shafin bana kuwa, a samansa ta rubuta shekarar da ta wuce da shekara takwas. Kuɗaɗen na bana ne, kowane adadi daidai da rasit, haɗawar ba kuskure ko ɗaya. Mutanen ne na da.

A ƙasan gwangwanin akwai ambulan uku na kamfanin gas ba a buɗe ba, ɗaya da jan rubutu. Na ce waɗannan fa?

Ta ce, "Na Pan Halfar ne. Ba na buɗe masa wasiƙa, ba ya so."

Shekara takwas da binne shi. Ni na riƙe mata hannu a maƙabarta.

Na ce bari in duba masa, ta ce to, tunda ke ce. Wata uku ba a biya ba, ranar 15 za su yanke. Da zan tafi ta naɗe mini kek guda biyu a takarda, wai in ba Sabina ta ci kafin ta tafi makaranta. Na karɓa na yi godiya. A tsakiyar bene na zauna da kek ɗin a hannu. Na kira matar nan mai haɗama a cikin ɗakinta.

Lahadi, 5 ga Mayu

Wani abu da na ji ranar Ista ya hana ni sukuni. Ina shanya a baranda, Lubor yana lambu yana waya, bai san ina sama ba. "Ranar da ta kasa zama ita kaɗai, sai in dawo da ita kusa da ni in sayar. Gyaran rufin kaɗai zai ci miliyan." Lokacin ban ɗauke shi komai ba.

Wasiƙar nan in ta isa hannunsa, ranar ta zo ke nan. Uwa tana ƙirga mutanen da suka bar gida tun shekara bakwai, wace shaida yake nema kuma? Ita a kai ta gidan tsofaffi, ni kuma yarjejeniyata ta shekara-shekara ce, duk Disamba ake sabuntawa.

Na duba tallan haya a waya. Ɗaki ɗaya da kicin, can wajen tasha, dubu goma sha biyu. Ni dubu shida da rabi nake biya a nan, ɗaki biyu da baranda, ba ta ƙara mini ba tun kafin auren Sabina. In na ci nasarar dubu tara na rasa gida. Gaba kura, baya sayaki.

Wasiƙar tana kan firji.

Talata, 7 ga Mayu

Na tashi aiki da wuri na raka ta gidan waya muka biya gas. Kuɗin fanshonta yana nan a cikin safa, wata biyu ba ta taɓa ba. A gaban ma'aikaciyar ta ƙirga tsaf, har ta kama yarinyar da kuskuren kurona ashirin a canji, ta ce mata, "A zamaninmu da an mayar da ke aji biyu." Na ji daɗi sosai. A hanya ta ba ni labarin shekarar da kogi ya shigo gari, ba ta bar ko sunan mutum ɗaya ba.

Wataƙila abin ba shi da yawa. Wataƙila gajiya ce, ko maganin hawan jinin nan.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na yanke: zan biya in yi shiru. Kuɗin da nake tarawa na haƙori zai isa, haƙorin ya ƙara haƙuri. Wasiƙun gas kuma ni zan riƙa duba akwatin.

Na gaya wa Kveta, ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Tausayinta kike ji ko tausayin barandarki?"

Na ce ba ruwanta. Ta ce, "Uwata haka ta fara. Mu ma mun ce gajiya ce."  Muka raba abincin yara ba mai kallon wata. Kveta ba ta da kunya ko kaɗan, mutum yana ƙoƙarin yin alheri tana tona masa ciki.

Lahadi, 12 ga Mayu

Sabina ta kira. Ta ce, "Mama, ki taho Plzen mana, akwai kujera mai zama gado." Ina da shekara hamsin da bakwai zan koma kwana a falon suruki? Na ce mata lafiya lau nake, na tambayi yaro.

Alhamis, 16 ga Mayu



Yau ranar mai sharar bututun hayaƙi ce, duk shekara a Mayu yake zuwa. Na hange shi a ƙofar gida da baƙaƙen kayansa na kama maɓallin rigata don sa'a, kamar yadda ake yi a nan in an ga irinsu. Sa'ar kuwa ta zo. Na sauka da shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda tukunyar gas take, mai ɗumama mana ruwa da ɗakuna. Bai yi minti biyar ba ya kira ni da wata murya.

Ramin da iska take shigowa, an cusa masa matashin kai. An kuma bi gefe-gefe da tsofaffin safa, a tsanake, ba a bar ko kafa ba. Ya zaro su ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a ƙasa. Ya ce, "Pani, da sanyi ake yi tukunyar nan tana ci dare da rana, da yanzu an gama makokinku ku biyu. Hayaƙin nan ba shi da wari. Barci kawai mutum zai yi." Ya tambaya ko ina fama da ciwon kai da safe. Sati biyu ke nan ina shan magani ina cewa lissafi ne ya sa mini.

Ta sauko ta same mu. Ta ga matashin ta ce, "Wa ya cire? Iska tana damun Pan Halfar a ƙafa."

Mutumin ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ce dole ya rubuta a rahoto. Ya tambaya ko tana da wani. Na ce tana da ɗa. Ya ce to me ake jira?

Na kulle ɗakin tukunyar na zare makullin, yana aljihuna.

Juma'a, 17 ga Mayu

Bari in rubuta shi a nan tunda ba mai karantawa. Tun 4 ga wata na sani. Na ce tausayi ne, kuma akwai tausayin, ban yi ƙarya ba. Amma da dubu goma sha biyu nake biya a gidan nan, da tun ranar na kira Lubor. Kveta ta faɗi gaskiya, shi ya sa na ji haushinta.

Da safe na leƙa Pani Halfarova, ta sa sikari a kofinta sau uku ina kallo. Ta ce na rame.

Litinin, 20 ga Mayu

Na aika. Kwana biyu suka rage.

Wasiƙar ƙorafin kamar yadda matar ofis ta ce, gajera, ba zagi: sama mutum ɗaya ne, a gyara. Sai na ƙara wa Lubor shafi guda da hannuna: littafin, ambulan ɗin gas, matashin kai. Na so in cire maganar dubu taran gaba ɗaya, don kada ya ce kuɗi ne ya sa ni magana. Sai na ce a'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuɗina ne, ina so, kuma da ba don shi ba ai ban buɗe littafin ba.

Kwafinta ban sa mata a akwati ba. Ban iya ba.

Ma'aikaciyar gidan waya ta buga hatimi ta ce in sa hannu. Na fito na tsaya a bakin titi kamar wadda ta manta hanyar gida.

Asabar, 25 ga Mayu

Lubor ya zo. Na shirya masa, na tanadi maganganu kala-kala, a raina na riga na gama zana shi: mai jiran gado, mai auna lambu da ido.

Sai ga mutum ya yi sanƙo, ya yi furfura a gemu, rigarsa maɓalli ɗaya a karkace. Ya daɗe a wurinta. Daga baya na ji takunsa, na buɗe, na same shi zaune a matakala da baƙin littafin a cinya. Na zauna a ta samansa.

"Tun yaushe kika sani, Pani Draha?"

Na ce tun huɗu ga wata.

"Sati biyu kika yi shiru. Don me?"

Na ce, "Don haya." Haka kawai ya fito, ban yi masa ado ba.

Na jira ya yi mini tas. Ya shafa fuska ya ce, "Ni tun Kirsimeti. Da sunan babana ta yi ta kirana, har ta tambaye ni ko na biya kuɗin makarantar Lubor. Na koma Brno na ce wa matata lafiyarta ƙalau." Sai ya fara kuka, babban mutum, kafaɗa tana rawa. Ban san abin yi ba, na shiga na haɗo masa kofi. Ya sha a kan benen.

Ya ce ba zai iya barin aiki ba, mai jinya ta kwana da yini kuma ta fi ƙarfinsa. Akwai gidan tsofaffi kusa da shi, sai an bi layi, kuma kuɗin daga gidan nan zai fito. Ya ce, "Ki yi haƙuri." Na ce ba ni za ka ba haƙuri ba. 

Laraba, 29 ga Mayu

Pani Halfarova ba ta amsa gaisuwata. Abin da ta manta ta manta, wannan kuwa ta riƙe shi gam. Na kai mata miya ta ce ta bayan ƙofa, "Kin kai ƙarata wurin ɗana a kan ruwa." Na ajiye kwanon a bakin ƙofa. Da yamma na tarar da shi an wanke an kife.

Litinin, 3 ga Yuni

Kveta ta kawo mini lambar wani ɗan'uwan mijinta mai ɗakin haya a unguwar Katerinky. Ta cusa mini a aljihun riga ta wuce. Ban kira ba tukuna.

Lahadi, 16 ga Yuni

Wajen ƙarfe goma na ji ana hawowa, a hankali, mataki ɗaya sai a huta. Rabon da ta hawo sama tun da gwiwarta ta fara ciwo, an fi shekara biyar. Na buɗe na same ta tana haki, da ambulan a hannu. Na ba ta kujera.

Sabon lissafi ne. Lubor ya aiko da shi bugun na'ura, ta ce ba za a ba ɗan hayarta takardar da ba hannunta ba, ta zauna ta kwafe. Ƙasa ɗaya, sama ɗaya. Ciko 2,400.

Ta yi ta kallon ɗakin, takalmi ƙafa ɗaya a bakin ƙofa, kofi ɗaya a teburi. Idonta yau garau yake, irin na da.

"Ota ya tafi, ko?"

Na ce ya tafi, ya daɗe.

"Gara haka. Ban taɓa son yadda yake buga ƙafa a bene ba. Sabina fa?"

Na ce ta yi aure, har da ɗa.

"Na je bikin?"

Na ce, "Kin je. Ke kika yi kek ɗin, mai hawa uku."

Ta yi ta murza bakin ambulan. Sannan ta ce, "Ashe abin ya kai haka."  Ta ce, "Da ni ce ke, da tun ranar farko na rubuta. Lissafin da ba daidai ba ba a biyansa, ko na uwarka ne." Ta miƙo hannu, na zata tashi za ta yi, ashe hannuna take nema.

Na nemi gafarar abin da na ce mata a Afrilu. Ta ce me na ce? Na ce ba komai.

Saukowa ta fi hawa wuya. Na bi ta gaba da baya-baya tana dafe da kafaɗata.

Litinin, 17 ga Yuni

Na biya 2,400. Na ci nasara, in ji Kveta. Na je wurin likitan haƙori ya ba ni rana a Satumba.

Alhamis, 25 ga Yuli

Makaranta tana hutu, yawancin yini a ƙasa nake. Yau ta kira ni da sunan ƙanwarta, na amsa. Lubor ya kira: an samu gurbi ƙarshen Agusta. Gidan za a sa shi a kasuwa da kaka, ni ina da har 31 ga Disamba. Ya ce zai rubuta mini shaidar cewa ban taɓa makara da haya ba. Allah sarki, abin da yake da shi ke nan.

Na je na ga ɗakin Katerinky. Taga ɗaya, tana kallon bangon gareji. Dubu goma sha ɗaya. Na ce zan yi shawara, kamar ina da wani zaɓi.

Asabar, 31 ga Agusta

Sun tafi da ƙarfe tara. Akwati biyu da kujerarta da hoton Pan Halfar. Ni na naɗe mata kaya jiya, tana zaune tana gyara mini ninki.

Ta ɗauka asibitin gwiwa za su. A bakin mota ta ce, "Draha, ki riƙa rufe ƙofar lambu, kar in dawo in tarar karnuka sun tone mini albasa." Na ce to. Lubor ya kasa kallona, ni ma na kasa kallonsa. Na tsaya har motar ta sha kwana, sannan na je na rufe ƙofar lambun.

Na ba mai ɗakin Katerinky kuɗin kafin alƙalami.

Lahadi, 8 ga Satumba

Ba abin rubutawa. Na fara tara kwalaye daga kantin bakin layi.

Jiya na bi ta tasha, hanya ce kawai ta biyo da ni. Na tambayi kuɗin jirgin ƙasa zuwa Brno, don in sani. Awa uku, da canji ɗaya, tsada kamar me. Matar ta ce ga mai yawan zuwa akwai katin rangwame, amma na shekara ne kuma sai da hoto. Na ce ni ba mai yawan zuwa ba ce, ba uwata ba ce, mai gidan haya ce, gidan ma an kusa sayar da shi. Ta ce to, ta kira na bayana.

Hoton da na ɗauka na katin bai yi kyau ba, na fito kamar wadda aka kama da sata. Sun ce katin sai ranar Alhamis zai fito. Jirgin Lahadi bakwai da minti goma yake tashi.